Waiwaye a Kan Tarihin Koyar da Likitoci Maganin Ciwon Daji da Raɗaɗinsa, da Matsayin Harshe a Cikinsa

1.0 Gabatarwa

Ciwon daji yana daga cikin cututtukan da suka daɗe suna addabar ɗan Adam, kuma yana sahun gaba cikin waɗanda suke kashe mutane a duniya. A Nijeriya kaɗai, ƙididdigar da cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar ta nuna cewa a shekarar 2020 an sami sababbin masu ciwon kimanin 125,000, waɗanda suka rasu kuwa sun kusa 79,000. Mafi yawan masu wannan ciwo a ƙasar nan ba sa isa asibiti sai ciwon ya riga ya ci jiki, wato lokacin da warkewa ta yi wuya, abin da ya rage a hannun likita shi ne ya sassauta wa majinyaci azabar da yake sha.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aka koyar da likitoci tunkarar wannan ciwo. Za a nuna cewa ilimin ya kasu gida biyu, kuma ba tare suka iso makarantun likita ba. Na farko shi ne ilimin yaƙi da ƙarin da ke cin jiki, ta hanyar tiyata da gashi da magunguna. Na biyu shi ne ilimin rage raɗaɗi, wanda ya makara ƙwarai, a Turai da ma nan Afirka. Za a kuma nuna cewa wannan kashi na biyu ya dogara ne ga maganar majinyaci, domin ana auna zazzaɓi da ma'auni, ana ganin ƙari a hoto, amma babu na'urar da take auna raɗaɗi. Sai mai shi ya faɗa. Wannan shi ne dalilin kawo batun gaban masana harsuna.

2.0 Sunayen Ciwon

Kafin a shiga tarihi, ya kyautu a dubi sunayen da ake kiran ciwon da su. Likitocin Girka na dā sun kira shi da sunan ƙaguwa, domin sun ga ƙarin da ya kama nono yana miƙa jijiyoyi ta kowane gefe kamar ƙafafunta. Daga wannan siffantawa ce Turanci ya sami sunansa ta hanyar Latin, kuma kalmar Larabci saraɗan ita ma ƙaguwa take nufi. Yarbawa suna ce masa jẹjẹrẹ, kalmar da ake dangantawa da aikatau jẹ, wato ci. A Hausa kuwa sunaye uku ne suka fi yawo:

(1) a. daji (ko jeji)
b. sankara
c. kansa

Kalmar daji asalinta sunan wuri ce, inda babu gari babu gona, mazaunin namun dawa da iskoki a tunanin Bahaushe na dā. A bakin masu maganin gargajiya, daji ya fi faɗin abin da likitan asibiti yake nufi, domin yakan haɗa da kumburi mai yaɗuwa da gyambon da ya ƙi warkewa, waɗanda da yawansu ba su da dangantaka da ƙari. Akwai kuma camfin da ya yaɗu cewa daji ba ya son ƙarfe, ko allura ko wuƙa, in an taɓa shi da su sai ya bazu. Wannan camfi yana daga cikin abubuwan da suke tsare mutane a gida har lokaci ya ƙure.

Sankara kuwa sananniya ce ga fataken goro, domin ita ce ɓarnar da take cin goro daga ciki alhali bayansa yana nan da kyan gani. Aron ma'anar ya dace da halin ciwon ƙwarai. Sai dai a lura cewa rubutun da ba a sa wa ƙugiya yakan kusanta ta da sanƙarau, wanda ciwo ne dabam. Ita kuwa kansa ararriya ce daga Turanci, ta shigo ta asibiti da rediyo.

3.0 Zamanin Yaƙi da Ƙari

3.1 A Turai da Amurka

Makami na farko da aka koya wa likitoci shi ne wuƙa. Tiyata ta bunƙasa bayan da aka nuna amfanin maganin sa barci a birnin Boston a 1846, kuma Joseph Lister ya fito da hanyar kashe ƙwayoyin cuta a wurin fiɗa a 1867. A ƙarshen ƙarni na 19 William Halsted na asibitin Johns Hopkins ya shahara da tiyatar da ake cire nono gaba ɗaya tare da naman ƙirji da kaluluwar hammata, kuma ɗalibansa suka yaɗa ta. Makami na biyu shi ne gashi, wanda ya biyo bayan hasken da Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895, da sinadarin radiyam da Marie da Pierre Curie suka gano a Faransa a 1898. A 1951 aka fara gasa ƙari da na'urar kobalt a Kanada. Makami na uku shi ne magunguna masu kashe ƙwayoyin daji, waɗanda aka fara gwadawa a Jami'ar Yale a 1942. A 1948 Sidney Farber ya ba da rahoton yaran da sankarar jini ta lafa musu na ɗan lokaci bayan an ba su magani. A 1972 aka amince a Amurka da wannan fanni a matsayin fagen ƙwarewa mai jarrabawarsa.

Abin lura a nan shi ne, duk wannan koyarwa an gina ta a kan warkarwa. Ana auna nasarar likita da yawan majinyatan da suka kai shekara biyar a raye. Wanda ciwonsa ya wuce magani kuwa, akan ce babu sauran abin da za a yi masa. Ba don babu maganin raɗaɗi ba ne, domin tun farkon ƙarni na 19 wani Bajamushe mai haɗa magunguna, Friedrich Sertürner, ya tace morfin daga ofiyam. Sai dai an koya wa likitoci jin tsoronsa. Akan yi allurarsa ne kaɗan-kaɗan, sai majinyaci ya yi kururuwa, don gudun kada ya saba da shi ya zama ɗan ƙwaya.

3.2 A Kamfala da Ibadan

A Nijeriya an fara koyar da aikin likita na zamani a makarantar Yaba a 1930. A 1948 aka kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan da sashen koyon likita, aka buɗe asibitin koyarwarta a 1957. Na Legas ya biyo baya a 1962, sa'an nan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe nata sashen a 1967. Hankalin waɗannan makarantu ya fi karkata ga zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da kuturta da makamantansu, domin a zamanin mulkin mallaka Turawa da dama sun ɗauka cewa ciwon daji bai cika kama baƙar fata ba. Ƙididdiga ce ta rushe wannan zato. An fara rajistar masu ciwon a Kamfala ta ƙasar Yuganda a shekarun 1950, sa'an nan Farfesa G. M. Edington ya kafa ta Ibadan a 1960.

A 1957 wani likitan tiyata ɗan ƙasar Ailan, Denis Burkitt, ya ga yara a asibitin Mulago na Kamfala da ƙari a muƙamuƙi mai saurin girma, ya buga bayaninsa a 1958. A 1961 shi da abokansa biyu suka yi tafiyar kimanin mil 10,000 a mota, suna bin asibitocin gabashi da kudancin Afirka suna tambayar inda ake ganin ciwon. Suka gano cewa ba ya hawa tuddai masu sanyi. Da Burkitt ya dubi Afirka ta Yamma, sai ya lura cewa ciwon ya yi yawa a kudancin Nijeriya mai ruwa, ya yi ƙaranci a ƙasar Kano duk da yawan jama'arta. Daga baya aka danganta wannan da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A 1964 kuma Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wata ƙwayar cuta a cikin wannan ƙari a Landan, ita ce ƙwayar bairas ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam.

Ibadan ta taka rawa babba a wannan aiki. A can ne Farfesa Victor Anomah Ngu, likitan tiyata ɗan ƙasar Kamaru, ya nuna cewa magani yana narkar da wannan ƙari, har wasu yaran su warke sarai. A 1972 aka ba shi lambar yabo ta Lasker a Amurka tare da Burkitt da wasu masana. Ke nan Afirka tana cikin waɗanda suka koya wa duniya cewa magani kaɗai yana iya warkar da wani nau'in ciwon daji. Ta fuskar gashi kuwa, asibitin koyarwa na Legas ya sami na'urar kobalt a 1973, na Ibadan a 1987. A 1979 aka kafa Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda ta sa likita yana iya ƙwarewa a gida ba sai ya tafi Ingila ba. Amma manhajar da aka gada daga Turai ta zo da giɓinta, domin babu wani gurbi na musamman da aka keɓe wa rage raɗaɗi.

4.0 Shigar Raɗaɗi Cikin Manhaja

4.1 Aikin Cicely Saunders

Wadda ta fi kowa ƙoƙarin cike wannan giɓi ita ce Cicely Saunders, wata Baturiyar Ingila da aka haifa a 1918. Ta fara da aikin jinya, ta koma aikin kula da jin daɗin majinyata, sa'an nan ta karanci likita ta gama a 1957 tana dab da shekara arba'in. Daga 1958 ta yi aiki a gidan jinya na St Joseph da ke gabashin Landan, inda ake kwantar da waɗanda likitoci suka sallama. A nan ta tabbatar da abubuwa biyu.

Na farko, in an ba majinyaci morfin ta baki, a kan ƙa'ida, duk bayan sa'a huɗu, ba tare da jiran raɗaɗin ya dawo ba, yakan zauna cikin hayyacinsa, ya ci abinci, ya yi hira da iyalinsa, kuma ba ya zama ɗan ƙwaya. Na biyu, ta riƙa ɗaukar maganar majinyata a rikoda tana nazarinta, ta kuma tara bayanan mutum fiye da 1,000. Daga maganganunsu ta fahimci cewa azabar mai ciwon ajali ba a jiki kaɗai take tsayawa ba. Akwai fargaba, da tunanin halin da iyali za su shiga, da damuwar kuɗi, da tambayoyin da suka shafi imani. A 1964 ta kira wannan da sunan da za a iya fassarawa da gamammen raɗaɗi. A 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher a kudancin Landan, inda aka haɗa jinya da bincike da koyarwa. A can Robert Twycross ya yi gwaje-gwaje a shekarun 1970 da suka nuna cewa ruwan morfin zalla ya wadatar, ba sai an gauraya shi da wasu abubuwa ba kamar yadda aka saba. A 1987 Ingila ta amince da wannan fanni a matsayin fagen ƙwarewar likita. Shi ne za a kira jinyar sassauci a wannan maƙala, wato jinyar da ake yi domin sauƙaƙa wahala ko da ba a sa ran warkewa.

A Amurka ma an farga. John Bonica ya buga babban littafi a kan raɗaɗi a 1953, kuma taron da ya kira a 1973 shi ya haifar da ƙungiyar duniya ta nazarin raɗaɗi. A wannan shekara ce wasu likitoci biyu, Marks da Sachar, suka buga binciken da suka yi a asibitocin New York, wanda ya nuna cewa likitoci suna ba da maganin da bai kai ba, saboda ƙarancin sani da kuma tsoron da aka cusa musu.

4.2 Kalmomin Raɗaɗi

Wani aiki da ya shafi harshe kai tsaye shi ne na Ronald Melzack na Jami'ar McGill a Kanada. Shi da Warren Torgerson sun tattara kalmomi 102 da masu jin Turanci suke siffanta raɗaɗi da su, suka buga sakamakon a 1971. A 1975 Melzack ya tace su zuwa kalmomi 78 cikin rukuni 20, ya mai da su takardar tambayoyi. Wasu rukunan suna nuna yadda jiki yake ji, wasu yadda zuciya take ji, wasu kuma yadda mai ciwon yake kimanta tsananinsa. Da aka zo mai da takardar zuwa wasu harsuna, sai aka ga fassarar kalma da kalma ba ta biya bukata. Masu bincike a Finlan da Italiya da Kuwaiti sai da suka koma suka tattaro kalmomin daga bakin masu harshen, suka gina tasu.

4.3 Tsanin Hukumar Lafiya ta Duniya

A 1982 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara masana a birnin Milan na Italiya, a ƙarƙashin shugaban sashen ciwon daji na lokacin, Jan Stjernswärd. Sakamakon aikinsu ya fito a 1986 a wani ɗan ƙaramin littafi da aka fassara zuwa harsuna da dama. An tsara magunguna kamar tsani mai matakai uku:

(2) a. Raɗaɗi mai sauƙi: asfirin ko farasitamol.
b. Matsakaici: kodin da makamantansa.
c. Mai tsanani: morfin da makamantansa.

Aka kuma gindaya ƙa'idoji: a ba da magani ta baki, a ba da shi bisa agogo, a hau tsanin gwargwadon bukata, a daidaita shi da kowane majinyaci. Amfanin wannan tsari shi ne sauƙin koyarwa, domin ko ƙaramin ma'aikacin lafiya a ƙauye yana iya riƙe shi. Hukumar ta sabunta jagoran a 2018. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, ba a sanin matakin da za a ɗora majinyaci a kai sai an tambaye shi ya amsa.

5.0 Isowar Jinyar Sassauci Afirka

5.1 Yuganda

An kafa gidan jinyar sassauci a Zimbabuwe a 1979, na Nairobi kuma ya fara aiki a 1990. Amma ƙasar da ta zama abar koyi ita ce Yuganda, ta dalilin Dakta Anne Merriman, haifaffiyar Libaful, wadda ta yi shekaru tana aikin likita a asibitocin mishan na kudancin Nijeriya tun daga shekarun 1960. Sa'ad da take aiki a Singafo ta koyi haɗa ruwan morfin mai araha daga garinsa da ruwa da ɗan abin hana shi lalacewa. A 1993 ta kafa cibiyarta a Kamfala, bayan gwamnati ta yarda a shigo da garin. Akan sa wa ruwan launi gwargwadon ƙarfinsa, domin wanda bai iya karatu ba ya bambance. Aka shigar da darasin cikin karatun ɗaliban likita na Jami'ar Makerere. A 2004 Yuganda ta gyara dokarta, ta ba ma'aikatan jinya da suka sami horo na musamman izinin rubuta morfin, domin likitoci ba su isa ƙauyuka ba. Gwamnati kuma ta ɗauki nauyin raba shi kyauta.

5.2 Nijeriya

A Nijeriya ma Ibadan ce ta ja gaba. Farfesa Olaitan Soyannwo, ƙwararriya a fannin sa barci lokacin tiyata, tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar nazarin raɗaɗi ta ƙasa a 1998. A 2003 aka kafa cibiyar jinyar sassauci mai zaman kanta a Ibadan, a 2007 kuma asibitin koyarwa ya buɗe sashe na musamman domin wannan aiki. A wannan shekara ce masu aikin a faɗin ƙasa suka kafa ƙungiyarsu.

Babban cikas shi ne samun maganin. Yarjejeniyar duniya ta 1961 a kan ƙwayoyi masu sa maye ta ɗora wa ƙasashe nauyi biyu, wato hana fataucinsu da kuma tabbatar da samunsu domin jinya. Ƙasashe da yawa sun riƙe na farko sun saki na biyu. A Nijeriya an kafa hukumar yaƙi da fataucin ƙwayoyi a 1989, da hukumar kula da abinci da magunguna a 1993, shigo da morfin kuwa ya kasance a hannun Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. An yi shekaru ana ajiye shi a rumbun magunguna na Oshodi a Legas, sai asibitin Maiduguri ko na Sakkwato ya tashi mutum takanas ya je ya karɓo, wani lokaci kuma a tarar babu. Likitan da ya gama karatu bai taɓa ganin an ba da ruwan morfin ba, da wuya ya rubuta shi. In ba a rubuta ba kuwa, ƙididdiga sai ta nuna ba a bukatarsa, sai a ƙi sayowa. A 2012 ma'aikatar ta haɗa gwiwa da wani shiri da Ƙungiyar Ciwon Daji ta Amurka take tallafawa, aka shigo da garin, aka koya wa masu haɗa magunguna a asibitocin koyarwa yadda ake dama shi.

A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurin da ya bukaci ƙasashe su sa jinyar sassauci cikin karatun ma'aikatan lafiya. Duk da haka, rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2017 ya nuna cewa abin da Nijeriya take samu na irin waɗannan magunguna bai kai kashi 1 cikin 100 na bukatarta ba. Ana cikin haka sai matsalar shaye-shayen kodin da taramadol ta ta'azzara tsakanin matasa, har gwamnati ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018. Matakin yana da dalilinsa, sai dai ya ƙara wa jama'a da ma'aikatan lafiya ɗari-ɗari da duk wani magani na wannan dangi, alhali mai sankarar ƙashi da yake kwana yana juyi ba shi da alhakin abin da 'yan shaye-shaye suke yi.

6.0 Matsayin Harshe

Da Turanci ake koyar da likita a Nijeriya, majinyaci kuwa da harshen uwa yake kuka. Likitan da aka haifa a Inugu yana iya samun kansa a asibitin Gusau, Bahaushe kuma a Abakaliki. Akan nemi tafinta daga cikin masu shara ko masu gadi ko dangin majinyaci. Hausawa suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to amma sai an fahimci abin da mai ɗakin ya faɗa. Matsalolin da suke tasowa a Hausa sun isa misali.

Ta farko ita ce harshen damo da ke cikin manyan kalmomin. Ciwo yana nufin cuta, yana kuma nufin abin da ake ji. Zafi yana nufin ɗumin jiki, yana kuma nufin raɗaɗi. Dubi waɗannan jimloli:

(3) a. Ciwon ya tafi.
b. Jikina da zafi.
c. Yana yi mini zafi.

Majinyacin da aka ba morfin ya faɗi (3a) yana iya ɗauka cewa cutar ce ta warke, ya daina zuwa asibiti. Tafintan da bai bambance (3b) da (3c) ba yana iya mai da raɗaɗi zazzaɓi.

Ta biyu ita ce wadatar ƙananan kalmomi waɗanda tafinta yakan dunƙule su cikin kalma ɗaya ta Turanci:

(4) a. zogi: bugawa kamar ta maruru, yana yi zut-zut
b. raɗaɗi: kamar na ƙuna ko harbin kunama
c. suka: kamar ana caka tsinke
d. sara: kamar yadda kai yake yi
e. murɗa: kamar yadda ciki yake yi
f. tsami: kamar na gaɓoɓi bayan wahala

Wannan bambanci yana da amfani ga likita. Raɗaɗin da yake kama da ƙuna ko tsirar allura, ko wanda majinyaci ya ce kamar kiyashi na yi masa yawo, yakan nuna cewa jijiyar ji ce ta taɓu, kuma irin wannan bai cika jin morfin kaɗai ba, sai an haɗa da wasu magunguna. Wanda yake can cikin ƙashi yana ƙaruwa da motsi, gashi yakan sauƙaƙa shi. Murɗar hanji kuma da nata maganin. In duk an fassara su da kalma guda, likita ya yi asarar alamar da za ta shiryar da shi.

Ta uku ta shafi al'ada. In an tambayi Bahaushe yaya jiki, amsar ita ce da sauƙi, ko alhamdu lillahi, ko da kuwa yana kan gargara. Wannan gaisuwa ce da ladabi ga Ubangiji, ba rahoton halin jiki ba, amma baƙon likita yana iya rubuta cewa majinyaci ya sami sauƙi. Haka kuma dauriya abar yabo ce, raki kuwa abin kunya, musamman ga namiji babba da mace mai haihuwar fari. Matar da take da sankarar mama ko ta bakin mahaifa da wuya ta buɗe baki gaban tafinta namiji, balle in ɗanta ne ko surukinta. Saboda haka tambayar da take aiki ita ce wadda ta kauce wa sigar gaisuwa, kamar a ce: Baba, jiya ka sami barci? Ko kuwa: Inna, kina iya sunkuyawa a salla?

Ta huɗu ita ce ma'aunin da ake amfani da shi, inda ake ce wa majinyaci ya zaɓi lamba daga 0 zuwa 10, ko ya nuna wuri a kan layi. A 2009 wasu masana a Jami'ar Ibadan sun fassara ma'aunin layi zuwa Hausa da Yarbanci da Ibo. Wannan mataki ne mai kyau, sai dai ma'aunin yana nuna tsanani ne kawai, ba ya nuna nau'i.

Masana harsunan Nijeriya ba baƙi ba ne a aikin ƙirƙirar kalmomi. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, a 2017 kuma aka buga a Ibadan jerin kalmomin da suka shafi ƙanjamau da Ibola cikin manyan harsunan nan uku. Sai dai aikin raɗaɗi ya sha bamban da waɗannan, domin kalmomin suna nan a bakin jama'a, ba ƙirƙira suke bukata ba. Abin da ake bukata shi ne a tattara su daga majinyata da masu jinya da unguwarzoma da wanzamai, a duba bambancin karin harshe tsakanin Sakkwatanci da Kananci da sauransu, a jera su bisa nau'i da tsanani tare da likitoci, sa'an nan a shigar da su cikin karatun ɗaliban likita da na jinya.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tarihin koyar da likitoci maganin ciwon daji tun daga zamanin wuƙa da gashi har zuwa na magunguna, ta kuma nuna gudummawar da Kamfala da Ibadan suka bayar. An ga cewa ilimin rage raɗaɗi bai sami gurbi a manhaja ba sai bayan aikin Saunders da Bonica da Melzack da jagoran 1986, kuma bai kafu a Nijeriya ba sai daga ƙarshen shekarun 1990. An ga kuma cewa doka da rashin magani sun daɗe suna yi masa tarnaƙi. Waɗannan biyu suna hannun hukuma da likitoci. Na ukun, wato harshe, yana hannun sassan nazarin harsunan Nijeriya, waɗanda da yawansu suna cikin jami'a ɗaya da asibitocin koyarwa. Saunders da rikoda ta fara, Melzack kuma da jerin kalmomi, kuma duka biyun kayan aiki ne da masanin harshe ya saba da su. Ana fatan sassan Hausa da Yarbanci da Ibo da Fulfulde da Kanuri da Tibi da sauransu za su ba ɗalibansu na digiri na biyu da na uku irin wannan bincike, kowane a harshensa.